Baƙon da ba raɓa ba: tsirran ado da suka cinye bakin teku

Duk mai sayar da tsirran ado ya san maganar da ke sa mai saye ya sa hannu a aljihu: "Wannan ba ya mutuwa." Ka yi tafiyar wata guda ba wanda ya ba shi ruwa, ka dawo ka tarar da shi garau. Rana ta gasa shi, ko a jikinsa. Reshe ya karye, ka soka shi a ƙasa, bayan 'yan makonni ya yi saiwa ya zama tsiro na biyu. Mai sayarwa bai yi ƙarya ba. Abin da bai faɗa ba, wataƙila don shi ma bai taɓa kawo shi a ransa ba, shi ne tsiron da ya ƙi mutuwa a tukunya ba zai mutu a juji ba, kuma ba zai mutu ba idan an wurga shi bayan katanga ya gangara zuwa rairayin bakin teku.

Iri biyu ake magana a kai, ko da yake a wurin sayarwa tare ake jera su. Akwai dangin murtsunguwa masu ƙaya, waɗanda in ban da jinsi ɗaya dukkansu 'yan asalin nahiyar Amurka ne. Akwai kuma tsirrai masu kaurin ganye da ke tara ruwa a jiki, daga dangi daban-daban, kuma akasarin waɗanda suka yi suna a lambuna daga Afirka ta Kudu da Madagaska da Meziko da tsibiran Kanari suka fito. Abin da ya haɗa su dabarar zama da ƙishirwa ce. Yawancin tsirrai da rana suke buɗe ƙananan ƙofofin numfashi da ke jikin ganye don shaƙar iskar kabon, ta nan kuma ruwansu ke tserewa. Da yawa daga cikin waɗannan kuwa sai dare ya yi, iska ta huce, sannan su buɗe, su tara kabon ɗin cikin wani ruwa mai tsami, gari na wayewa su rufe ƙofa su haɗa abincinsu da hasken rana. Ga fata mai kauri kamar an shafe ta da kakin zuma. Shi ya sa guntun da aka yanke aka yar zai iya kwashe watanni yana cin guzurinsa, yana jiran yayyafi.

Babban abin da ke kashe su shi ne sanyin da ke daskarar da ruwa, domin jikin da ke cike da ruwa fashewa yake yi idan ya daskare. Teku kuwa tana sassauta sanyi, ba kasafai raɓa ke daskarewa a gaɓarta ba. Gishirin da iska ke fesowa, da rairayin da ba ya riƙe ruwa, da rana mai duka, duk abubuwan da ke korar sauran tsirrai, su ba su dame su ba. Sannan ga mutane: gidajen hutu da otal-otal da hanyoyi duk a bakin ruwa ake son gina su, kuma wanda ya gina gida a kan yashi, inda ciyawar lambu ke ƙonewa, me zai shuka in ba abin da ba ya mutuwa ba? Da haka lambu da dajin bakin teku suka zama maƙwabta, katanga ko waya kaɗai ke tsakaninsu.

Jagoran waɗannan baƙi wani tsiro ne mai yaɗo daga yankin Kef na Afirka ta Kudu, wanda masana ke kira Carpobrotus edulis. Faransawa suna ce masa farcen mayya, Sifaniyawa farcen kyanwa, saboda ganyensa mai kusurwa uku da ke lanƙwasa sama kamar farce. Sunan Faransawa ya fi dacewa da halinsa, da shi za mu ci gaba. Furensa babba ne, rawaya, yana komawa ruwan hoda idan ya tsufa, kuma duk wanda ya ga gangaren dutse ya rufe da shi lokacin fure zai gane dalilin da ya sa aka ɗauke shi aka zaga duniya da shi. A Kalifoniya tun farkon ƙarni na 20 aka fara shuka shi don ya riƙe ƙasa a gefen layin dogo, daga baya hukumar hanyoyi ta jihar ta shimfiɗa shi a gefen manyan tituna har zuwa shekarun 1970. An so shi har ta kai, lokacin da wani ƙwaro mai tsotse ruwan ganye ya biyo shi daga mahaifarsa ya fara kashe shi, aka kashe kuɗi aka shigo da ƙananan zanzaro masu cin ƙwaron don a ceci farcen mayya. Yau a jihar, 'yan sa-kai ne ke fita da safar hannu suna tumɓuke shi a wurare irin su Point Reyes. Haka labarin yake a gaɓar Fotugal da Sifaniya da kudancin Faransa da Italiya, da zirin Lizard na Ingila, da tudun Howth kusa da Dublin, da Ostiraliya da Niyu Zilan.

Yadda yake cin ƙasa abin a tsaya a kalla ne. Reshe yana iya miƙewa kimanin mita guda a shekara, kuma kowace gaɓa ta taɓa ƙasa sai ta yi saiwa. Sababbin rassa suna hawa kan tsofaffi, na ƙasa su bushe, a hankali a sami tabarma mai kaurin da kan kai rabin mita. Ƙarƙashinta ba haske, ba wurin da ƙwayar wani tsiro za ta tsaga. Saiwoyinsa kuma ba sa nitsewa, a sama-sama suke yaɗuwa, don haka shi ke fara shanye ɗan ruwan da ya sauka kafin ya isa ga saiwar 'yan ƙasa. Busasshen ganyen da ke taruwa yana canza ƙasar kanta, yana ƙara mata tsami da taki. Manomi zai ji wannan ya ce ai alheri ne. Ga tsirran jigawa kuwa masifa ce, domin su sun ginu ne a kan talaucin ƙasa, shi ne katangar da ke kare su daga ciyayi masu saurin girma. Da zarar yashi ya yi taki, ko an cire farcen mayya, wasu baƙin ciyayi ne ke rige-rigen shiga. Wani ɗan'uwansa, Mesembryanthemum crystallinum, nasa salon ya fi muni: yana tara gishiri a jikinsa tsawon rayuwarsa, idan ya mutu ya sake shi a saman ƙasa, ya bar wurin da ba mai iya tsira sai 'ya'yansa.

Hujjar da aka fi kawowa don kare shi ita ce yana hana zaizaya. A kan shimfiɗaɗɗen yashi yana daskarar da rairayi, wannan gaskiya ne. Amma a kan gangare, tabarma mai nauyin ruwa da ke maƙale da saiwa marar zurfi tana iya zamewa gaba ɗaya bayan ruwa mai yawa, ta tafi da ƙasar da aka ce ta riƙe. Ko inda ya yi aikin da aka sa shi ma akwai magana, domin jigawar bakin teku ba a halicce ta don ta tsaya cak ba. Iska tana kwashe yashi nan ta tara can, guguwa ta cinye gaba, watannin lumana su mayar. Tsirran da suka saba da wurin sun saba da binnewa da tonuwa, wasu ma ba sa ƙarfi sai yashi ya rufe su. Kuma suna barin fili tsakaninsu. Wannan filin, wanda mai lambu ke gani kamar kufai da ke buƙatar a rufe shi, gida ne. A cikinsa ƙudan zuma masu zaman kaɗaici ke haƙa rami, a kansa ƙananan tsuntsayen gaɓa ke ajiye ƙwai a ɗan lotsi ba tare da sheƙa ba. A Kalifoniya akwai wani ƙaramin malam-buɗe-littafi shuɗi da ake kira na El Segundo, wanda ragowar mazauninsa mafi girma ke kan jigayin da ke daf da filin jirgin saman Los Anjeles, kuma duk rayuwarsa a kan tsiro ɗaya take, Eriogonum parvifolium. Inda tabarmar baƙo ta shimfiɗu, wannan tsiron ba ya nan, shi ma malamin ba ya nan.

To ta yaya suke fita daga lambu? Hanya mafi girma ita ce mafi rashin daraja: shara. Mutum ya gyara lambunsa, ya tara rassan da ya datse a baro, ya tura zuwa ƙarshen fili ya juye a gangare, yana ganin ai ganye ne, zai ruɓe. Ganyen wasu tsirrai zai ruɓe. Na waɗannan dashe aka yi musu kyauta. Sai ruwan sama da igiyar teku su ɗauki guntaye su kai gaba, guntun farcen mayya kuwa yakan yi kwanaki a ruwan gishiri ya fita da rai. Hanya ta biyu dabbobi ne. 'Ya'yansa suna da zaƙi, kowane ɗa ɗauke da ɗaruruwan ƙwayoyi, zomaye da ɓeraye da barewa suna ci su kai nesa su kasayar. Binciken da masaniyar tsirrai Carla D'Antonio ta yi a gaɓar Kalifoniya ya nuna ƙwayar da ta bi ta cikin dabba ta fi saurin tsira a kan wadda ta zauna cikin ɗan itacen. A tsibirai abin ya zama ƙawance tsakanin baƙi biyu: tsiron yana ciyar da ɓeraye da zomaye a lokacin rani da ba komai, su kuma suna shuka shi, ɓerayen da suka ƙoshi kuma su juya kan ƙwai da 'ya'yan tsuntsayen teku.

Akwai ɓarnar da ido ba ya gani, wadda a ganina ta fi tabarmar haɗari, domin ita ba a tumɓuke ta. Ostiraliya tana da nata 'yan asalin wannan dangi, irin su Carpobrotus rossii a kudu da Carpobrotus glaucescens a gabas, waɗanda mutanen farko na ƙasar suka daɗe suna cin 'ya'yansu. Niyu Zilan tana da Disphyma australe, wanda Maori, mutanen farko na ƙasar, ke kira horokaka. Ƙudan zuma ba ya tambayar asali. Yana tashi daga furen baƙo ya sauka kan na ɗan ƙasa, a sami ruwa-biyu, ruwa-biyun kuma sau da yawa ya fi ɗan ƙasa ƙarfi. Bayan wasu shekaru gaɓar tana nan kore shar, tana fure, amma abin da ke wurin ba shi ne wanda ya shekara dubbai a can ba. Har masana kan yi gardama a gaban tsiro ɗaya, wani lokaci sai gwajin ƙwayoyin halitta ke raba su.

Labarin murtsunguwa ya fi wannan tsufa da tsoratarwa. A 1788 jiragen farko na Turawan Ingila suka isa Ostiraliya ɗauke da murtsunguwa mai faffaɗan tafi da Kyaftin Arthur Phillip ya ɗauko a Burazil, don kiwon ƙwaron koshinil da ake samun jan rini daga jikinsa, rinin jajayen rigunan sojan Ingila. Wanda ya yi ɓarnar gaske, Opuntia stricta, daga baya ya shigo, aka raba shi gida-gida a matsayin ado da shinge da abincin dabbobi lokacin fari. Zuwa tsakiyar shekarun 1920 ya rufe kimanin hekta miliyan 24 a jihohin Kwinsland da Niyu Sawut Wels, wato kusan girman Birtaniya, yana ƙara kimanin hekta dubu 400 kowace shekara. Manoma sun sare, sun ƙona, sun zuba guba, kuɗin share gona ya fi kuɗin gonar, da yawa suka kwashe iyali suka bar masa. Abin da ya karya shi wani ɗan faɗa-wuta ne daga Ajantina, Cactoblastis cactorum, wanda tsutsarsa ke shiga cikin tafin ta cinye shi daga ciki. An shigo da ƙwansa a 1925, aka fara sakinsa a 1926, cikin 'yan shekaru dazuzzukan ƙaya suka zube suka ruɓe. Mutanen Boonarga kusa da garin Chinchilla har zauren taro suka gina da sunan ƙwaron.

Wannan a cikin tudu ya faru, amma yana da ƙafa a bakin teku. Opuntia stricta ɗan gaɓa ne tun asali, mahaifarsa jigayin Fulorida da tsibiran Karibiyan, shi ya sa har yau ake samunsa a kan duwatsu da rairayin gaɓar ƙasashen da aka kai shi. Ƙwaron da ya ceci Ostiraliya kuma an kai shi tsibirin Nevis a 1957 don irin wannan aiki, ya yi ta tsallake daga tsibiri zuwa tsibiri, a 1989 aka gan shi a tsibiran kudancin Fulorida. Can murtsunguwa 'yar gida ce, ciki har da wani jinsi, Consolea corallicola, da 'yan tsirarunsa suka rage a duniya. Ƙwaro ɗaya, a wata nahiya an gina masa zaure, a wata ana farautarsa. Duk mai cewa a bar baƙin tsirrai su yaɗu, ai kimiyya za ta samo musu magani, ya kamata ya riƙe labarin nan da kyau.

Sauran ba sai an daɗe a kansu ba. Akwai uwar miliyoyi daga Madagaska, Kalanchoe delagoensis, wadda ke jera ƙananan 'ya'ya a bakin ganye, kowane ya faɗi ya zama tsiro, kuma tana da gubar da ke tsayar da zuciyar shanu, ta kashe su da yawa a gabashin Ostiraliya. Wani ruwa-biyunta da Arthur Houghton ya haɗa a lambunsa a Kalifoniya a shekarun 1930 yanzu yana hawa duwatsun gaɓar Bahar Rum. Akwai Agave americana daga Meziko, mai ganye kamar takubba, da ke shekaru kafin ya fitar da sandar fure mai tsawon da kan kai mita 8, ya mutu ya bar 'ya'ya kewaye da gindinsa. Ya daɗe a gaɓar Bahar Rum har masu yawon buɗe ido na ɗaukarsa ɗan ƙasa. A Cabo de Gata da ke kudancin Sifaniya, a shekarun 1950 aka shuka danginsa don samun zaren igiya, zaren roba ya zo ya kashe kasuwar, gonakin suka zama kufai, tsirran suka ci gaba da tafiya cikin jigayi. A zirin Banks na Niyu Zilan kuwa, wani mai kaurin ganye daga Afirka ta Kudu da ake kira kunnen alade, da wasu tsirrai 'yan tsibiran Kanari, sun kama tsagar duwatsun da ba mai isa gare su sai da igiya.

Abin da ke sa gardama da masu lambu ta yi wuya shi ne jinkiri. Tsiro yakan shekara talatin ko hamsin a lambuna bai tsallake ko'ina ba, kowa ya shaide shi da ladabi, sannan rana ɗaya a wayi gari ya bazu. Wataƙila yawan shuka shi ne ya kai wani mizani, wataƙila an kawo jinsi na biyu da ya ba shi damar yin iri, wataƙila sanyin da ke taka masa burki ne ya ragu. Mai cewa "nawa bai taɓa fita ba" gaskiyarsa yake faɗa, amma shaidar shekara goma ce a shari'ar shekara ɗari. A Ostiraliya an ƙiyasta cewa kusan kashi biyu cikin uku na baƙin tsirran da suka zauna da gindinsu a daji ta hanyar lambun ado suka shigo.

Doka ta biyo baya, kamar yadda ta saba. Fotugal ta sa farcen mayya cikin jerin masu mamaya tun 1999, Sifaniya ta haramta cinikinsa a dokar 2013, a Ingila da Wels laifi ne a shuka shi a daji, Niyu Zilan ta hana sayar da shi, Ostiraliya kuma a 2012 ta sa rukunin murtsunguwa masu tafi da masu gaɓoɓi cikin jerin ciyayin da suka zama damuwar ƙasa baki ɗaya, ta ware jinsin da ake nomawa don 'ya'yansa. Sai dai doka tana iya kama babban gidan renon tsirrai, ba ta iya kama maƙwabciya da ta karya reshe ta miƙa wa maƙwabciyarta, ko mai tallan guntaye a intanet da ke aikawa cikin ambulan.

Adalci ya sa a faɗi ɗaya gefen. Ba tsiron da aka haifa mugu. A mahaifarsa farcen mayya ɗan gari ne mai amfani, ana busar da 'ya'yansa ana sayarwa, ana dafa su da sukari, ana kurkure maƙogwaro da ruwan ganyensa, kuma ƙwari da cututtukan da suka san shi suna riƙe da linzaminsa. Murtsunguwa tana kan tutar Meziko. A kudancin Madagaska, inda ita ma baƙuwa ce, jama'a sun gina rayuwarsu a kanta, ita ce shinge, ita ce ruwa da abincin shanu a lokacin fari, kuma da ƙwaron koshinil ya share ta a shekarun 1920 yunwa ce ta biyo baya. Saboda haka tambayar kullum ita ce a ina, kuma me zai rasa wurinsa. Tukunya a bene na biyar a tsakiyar birni mai sanyi daban take da lambun da ke kallon jigawa.

Daga nan maganar maye gurbi da 'yan ƙasa ta taso, kuma masu wannan kira sun koyi darasi: ce wa mutum "kar ka shuka" ba ya aiki sai ka ce masa "ga wannan". A Ostiraliya da Niyu Zilan da Kalifoniya akwai shirye-shiryen da ke buga ƙananan littattafai, kowane baƙo a gefe guda, 'yan ƙasar da za su yi aikinsa a ɗaya gefen. Kuma kusan kowace gaɓa tana da nata. Mai son tabarma mai fure a kudancin Ostiraliya yana da Carpobrotus rossii da Disphyma crassifolium, mai son riƙe yashi yana da ciyawar Spinifex sericeus da ke miƙa dogayen rassa a kan jigawa, a gabashin ƙasar kuma mai son abu mai ganyen takobi a madadin Agave americana yana da Doryanthes excelsa. A Niyu Zilan akwai horokaka da pingao, ciyawa mai ruwan zinariya da Maori ke saƙa da ita. A Kalifoniya akwai Fragaria chiloensis mai yaɗo da Erigeron glaucus da dangin Eriogonum da malam-buɗe-littafi ke nema, ga kuma Dudleya ga wanda lallai sai mai kaurin ganye. A Bahar Rum akwai Crithmum maritimum da ke fita daga tsagar dutse, da Pancratium maritimum mai farin fure mai ƙamshi, da Sedum sediforme. A gaɓoɓin ƙasashe masu zafi kuwa Sesuvium portulacastrum da Ipomoea pes-caprae suna yin wannan aiki tun kafin a ƙirƙiri lambu.

Amma kalmar "ɗan ƙasa" tana da santsi. Ba hali ba ce da tsiro ke yawo da shi, dangantaka ce tsakaninsa da wuri. Ciyawar Ammophila arenaria ita ce ke gina jigayin Turai, can ana shuka ta don gyara. A Kalifoniya da Niyu Zilan ita ake yaƙa, ita ta kori pingao daga gaɓoɓi da yawa. Afirka ta Kudu, wadda ta ba duniya farcen mayya, ita ma a ƙarni na 19 ta shigo da itatuwan dangin bagaruwa daga Ostiraliya don su riƙe yashin da ke kewaye da birnin Kef, yau suna cikin manyan abokan gaban dajinta. Ƙasashen biyu musayar ciwon kai suka yi, kowa da kyakkyawar niyya. Ko cikin ƙasa ɗaya ma, tsiron gaɓar yamma na iya zama ciyawa a gaɓar gabas. Don haka masu aikin farfaɗo da jigayi ke nacewa a kan irin da aka tara daga yankin kansa, ba wanda aka yi jigilarsa daga nisan kilomita dubu ba.

Sai matsalar suna. Tunda baƙo da ɗan ƙasa da ruwa-biyunsu sun yi kama, ana sayar da wani da sunan wani, ba lallai da mugun nufi ba. Mutum ya tumɓuke baƙo da hannunsa, ya sayo abin da aka rubuta masa ɗan ƙasa ne, ya mayar da ruwa-biyu. Akwai alamu: furen baƙon ya fi girma kuma rawaya yake farawa, na 'yan Ostiraliya shunayya ne mai farin gindi. Amma ga wanda gidansa ke daf da daji, ya fi aminci ya saya daga masu reno da suka san inda suka samo irinsu.

Son 'yan ƙasa ma yana da nasa ɓarayi. Da Dudleya ta yi farin jini a kasuwar masu tara tsirrai, sai aka fara kama mutane a gaɓar arewacin Kalifoniya suna ɓamɓare dubbai daga jikin duwatsu suna cusawa a kwalaye don aikawa ƙetare, har jihar ta kafa doka ta musamman a 2021 don kare ta. A yankin Namakwaland na Afirka ta Kudu ana yi wa ƙananan tsirran Conophytum irin wannan wawaso. Sha'awa ɗaya ce ke cika wata gaɓa da abin da ba nata ba, take kuma kwashe wa wata abin da ba ta da madadinsa.

Kuma kada a yaudari kowa, 'yan ƙasa ba sa ba da abin da baƙo ke bayarwa cikin sauri. Sukan ɗauki shekara biyu ko uku kafin su rufe ƙasa, suna son ban-ruwa a shekarar farko, wasu suna bushewa a rani su yi kamar sun mutu, kuma ba sa yin shimfiɗa ɗaya mai launi ɗaya kamar darduma. Wanda zai koma gare su sai ya sauya abin da idonsa ke kira kyau, ya yarda da ɗan fili tsakanin tsiro da tsiro.

Cirewar kanta aikin hannu ne. Farcen mayya ba shi da wuyar tumɓukewa, ana yanka gefe a naɗe shi kamar tabarma, amma nauyinsa na ruwa ne, kuma dole a kwashe har busasshen da ke ƙasa domin cike yake da iri. A kan gangare ba a cire shi gaba ɗaya rana ɗaya, sai kashi-kashi ana dasa 'yan ƙasa a baya, in ba haka ba ruwan farko ya tafi da ƙasar. Murtsunguwa sai da matsefi da safar fata, saboda ƙananan ƙayoyinta masu kama da gashi da ke shiga fata su ƙi fita. Abin da aka cire ba a zuba shi cikin takin gida. Ana ɗaure shi a baƙar leda a bar shi a rana har ya dahu, ko a binne shi da zurfi, ko a kai inda hukuma ta tanada.

A ƙaramin tsibirin Bagaud da ke cikin gandun Port-Cros na Faransa, a 2011 aka fara cire farcen mayya da ɓeraye a lokaci guda, domin an gane cire ɗaya a bar ɗaya aikin banza ne. A tsibirin Berlenga na Fotugal an yi irin haka daga 2014, har da masu sauka da igiya a jikin duwatsu, don a buɗe wa Armeria berlengensis wuri, tsiron da ba ya fita ko'ina a duniya sai can. A duka biyun 'yan ƙasa sun dawo, da yawa daga irin da ke kwance a ƙasa yana jira. Irin baƙon ma yana kwance a ƙasar yana jira, shi ya sa shekara bayan shekara ma'aikata ke komawa wuraren da aka riga aka share, suna tafe a sunkuye, suna tsince 'yan tsirran da ba su kai tsawon yatsa ba.